Kwana 6, 24 ko 30: Yadda allon ƙididdiga ke cinye hutun masu rubuta manhaja

Garou, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville da ke arewacin Jamhuriyar Benin, yanki ne na shinkafa da albasa da kamun kifi. Kogin Kwara na arewa da shi, tsallaken kogin kuma ƙasar Nijar ce, ɓangaren Gaya. Idan mutum ya miƙe gabas ya wuce Madécali, sai ya faɗa jihar Kebbi ta Najeriya. Dendawa da Fulani da Hausawa na wannan yanki sun saba da yawo da kuɗi iri biyu a aljihu, sefa da naira, kuma agogon ƙasashen uku ɗaya ne, ba sai an juya shi ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a wannan ɗan taƙi dokokin ƙwadago uku ne suka haɗa iyaka, kowacce da amsarta daban idan aka tambaye ta kwana nawa ma'aikaci zai huta a shekara.

Dokar ƙwadago ta Benin, wadda aka kafa a watan Janairun 1998, ta ba ma'aikaci kwana biyu na aiki a kan kowane wata da ya yi, wato kwana 24 a shekara. Da yake ana haɗawa da Asabar a lissafin, abin ya kama mako huɗu cur. Ta Nijar ta shekarar 2012 ta ce kwana biyu da rabi a kowane wata, kwana 30 ke nan na kalanda. Ita kuwa ta Najeriya, wadda asalinta tun farkon shekarun 1970 ne, abin da sashe na 18 ya wajabta shi ne kwana shida kacal bayan mutum ya cika wata 12 yana aiki. Haka a hutun haihuwa: mako 14 a Benin da Nijar, mako 12 a Najeriya, shi ma da rabin albashi a matsayin mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 132 ta shekarar 1970 ta sa mako uku a matsayin ƙaramin mizani, sai mai karatu ya duba wa ya kai, wa ya gaza.

To, ina ruwan wannan da manhaja? Ai a da babu. Ma'aikacin kwastan na Malanville yana bin dokar Kwatano, na Gaya yana bin ta Yamai, na Kamba yana bin ta Abuja, ba wanda zai jera su a takarda guda ya ce wane ya fi wane. Amma aikin rubuta manhaja ba ya tsayawa a shingen kan iyaka. Tun ranar 26 ga Yulin 2023 da aka yi juyin mulki a Nijar gadar Malanville zuwa Gaya ta shiga halin ni-'yasu, manyan motoci suka yi dogon layi, kaya suka koma bin kwalekwale, amma wanda sana'arsa ke cikin kwamfuta bai tsaya jiran a buɗe gada ba. Kamfani ɗaya na iya ɗaukar matashi a Parakou, wani a Yamai, wata a Sakkwato, wani a Kano, shugabansu yana Legas ko Landan, ya zuba su a tawaga guda. Gwamnatin Najeriya ma da kanta, ta hanyar shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da mutum miliyan uku, irin wannan aiki take nuna wa matasa. Da zarar an haɗa su kuwa, akwai allo guda da ke ƙirga aikin kowa, kuma shi wannan allo bai san doka ba, bai san Sallah ba, bai san zaman makoki ba.

Abin da allon ke ƙirgawa

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Mai rubuta manhaja yana rubuta umarni ne da ake kira kod. Duk lokacin da ya gama wani ɗan gyara sai ya miƙa shi a rumbun ajiya irin GitHub ko GitLab, rumbun ya rubuta sunansa da rana da sa'a. Wani abokin aiki ya duba gyaran, idan ya gamsu a haɗe shi da sauran. Ayyukan da za a yi kuma ana jera su a manhaja irin Jira, kowane da makinsa gwargwadon wahalarsa, sai a raba lokaci zango-zango, galibi mako biyu-biyu, a ga maki nawa tawaga ta kammala a kowane zango. Duk waɗannan abubuwa suna barin sawu, kuma ƙirga sawun ba wuya. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su jawo alƙaluman su zana wa manaja hoto mai launi: wane ya miƙa gyara 80, wance ta miƙa 45.

Gardama a kan wannan ƙirge ta girmi yawancin masu yin sana'ar a yau. A shekarar 1982 manajojin kamfanin Apple da ke kula da aikin kwamfutar Lisa sun fito da wata takarda da kowane injiniya zai cike duk mako, ya faɗi layin kod nawa ya rubuta. Bill Atkinson, wanda ke kan ɓangaren zane, ya sake rubuta wani sashe ya zama ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ya rage masa layi kusan 2,000. Da aka kawo masa takardar sai ya rubuta -2000. Ba a jima ba aka daina ba shi ita. Shekara 41 bayan haka, a watan Agustan 2023, kamfanin ba da shawara na McKinsey ya wallafa wata maƙala da ke cewa lallai ana iya auna ƙwazon mai rubuta manhaja, har ɗaya-ɗaya. Sai ga martani daga Kent Beck, ɗaya daga cikin dattawan sana'ar, tare da Gergely Orosz, suna cewa auna motsi da yawan abin da aka fitar daban, auna amfanin da aikin ya yi daban, kuma duk wanda ya san da me ake auna shi zai gyara halinsa ya dace da ma'aunin. Masanin tattalin arziki na Ingila Charles Goodhart ya riga ya faɗi makamancin haka tun 1975 a kan harkar kuɗi.

Masu binciken da aka fi girmamawa a fagen sun guje wa ƙirga mutum ɗaya. Ma'aunai huɗu na DORA, waɗanda Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim suka yi bayani a littafinsu na 2018, na tawaga ne: sau nawa ake fitar da sabon gyara ga jama'a, tsawon lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya fita, kashi nawa ke lalacewa, da saurin gyara ɓarna idan ta auku. Tsarin SPACE na 2021 ya ƙara da gamsuwa da lafiyar ma'aikaci a cikin abubuwan da za a duba. Sai dai abin da masana suka rubuta daban, abin da manaja mai gaggawa ke yi ranar da aka ce a rage ma'aikata daban. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a ƙarshen Oktoban 2022, rahotanni sun ce an umarci injiniyoyi su fito da kod ɗin da suka rubuta cikin kwana 30 zuwa 60 da suka wuce. Mako guda bayan haka aka sallami kusan rabin ma'aikatan, ciki har da na ofishin Accra da ba su daɗe da shiga sabon gininsu ba. Tambayar da kowa zai yi wa kansa ita ce, idan a cikin waɗannan kwana 30 kina jego fa? Ko kana kwance a asibiti?

Mu yi lissafin da kanmu

Bari mu ɗauki misali, ba na wani kamfani ba, don a ga inda gizo ke saƙa. Wata uku suna da kimanin kwana 65 na aiki. A ce mutum biyu suna tawaga guda. Na farko bai yi fashi ko sau ɗaya ba, ya kammala ayyuka 52. Na biyu ya tafi aikin Hajji, ya yi mako biyar ba ya nan, kwana 25 ke nan na aiki, ya dawo ya kammala ayyuka 36 a kwana 40 da suka rage masa. Allo zai nuna 52 da 36, ya shafa wa na biyu jan launi, wai ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma idan aka raba da kwanakin da kowa ya zauna a kan aiki, na farko yana yin 0.8 a rana, na biyu 0.9. Alhajin ne ya fi sauri, allon ne bai iya rabawa ba.

Haka abin yake ga tawaga. Mutum biyar a zangon mako biyu suna da kwana 50 a tsakaninsu. A ce sun saba kammala maki 40. Sai Sallah ta faɗo cikin zangon, gwamnati ta ba da kwana biyu, goma sun tafi. Mutum ɗaya kuma ya ɗauki kwana biyar na hutunsa. Saura 35. A saurin da suka saba, maki 28 ya kamata a sa rai. Idan suka kawo 30, sun yi ƙoƙari fiye da kullum, amma hoton da zai isa teburin shugaba zai nuna an faɗi daga 40 zuwa 30, wato kashi 25 cikin 100.

Yanzu mu koma Garou da dokokinta uku. Shekara tana da kimanin kwana 260 daga Litinin zuwa Juma'a. Wanda ke ƙarƙashin dokar Benin, idan ya ci haƙƙinsa na mako huɗu, zai zauna 240. Wanda aka ba shi kwana shida na dokar Najeriya zai zauna 254. Idan jimilla ake ƙirgawa, ɗan Najeriya ya fara tsere da ratar kusan kashi 6 cikin 100 tun kafin a hura usur. Ɗan Benin ko ɗan Nijar da ya lura da haka, me kake jin zai yi? Zai bar kwanakinsa a takarda ne, ya ƙi ɗauka. Doka ta ba shi, allo ya ƙwace, kuma ba wanda za a kai ƙara domin ba wanda ya hana shi da baki.

Wani zai ce to ai maganin a fili yake, a raba da kwanakin aiki a huta. Gaskiya ne, wannan shi ne matakin farko, kuma abin mamaki ne yadda ake yawan tsallake shi. Dalilin tsallakewar ma ba mugunta ba ce kullum. Bayanan hutu suna ofishin kula da ma'aikata, a wata manhaja daban, wani lokaci ma a saƙon WhatsApp ne mutum ya ce "yallaɓai, gobe ba zan samu shigowa ba", aka ce Allah ya kai mu, shi ke nan. Bayanan kod kuwa suna rumbu, suna zuba da kansu. Wanda ke zuba da kansa shi ake gani.

Rabawar ma ba ta kashe magana

A ganina a nan ne mafi yawan masu ba da shawara ke tsayawa da wuri. Rabawa da kwanaki tana gyara kuskure ɗaya ta haifar da wasu.

Na farko kuma mafi muni, tana saka wa mai satar aiki a cikin hutu. A ce wani ya rubuta hutun kwana goma, amma a huɗu daga ciki ya buɗe kwamfuta a ɗaki yana miƙa gyara. Za a raba aikinsa da kwana 55 alhali 59 ya yi, sai makinsa na kullum ya kumbura. Abokinsa da ya kashe waya ya tafi ƙauye gaida tsohuwa, shi zai bayyana a matsayin mai sanyin jiki. Zango biyu ko uku kawai ake buƙata kowa ya gane wasan, daga nan hutu ya zama suna. Kamfanin da ke son gaskiya sai dai ya cire duk abin da aka miƙa a ranar hutu daga lissafi, ko ma ya ɗauke shi a matsayin alamar matsala, a tambayi manaja me ya sa mutuminsa ke aiki ranar da aka ce ba ya nan. Faransa ta kai ga sa wannan a doka tun Janairun 2017, inda aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe na'ura bayan tashi daga aiki.

Na biyu, rashin mutum ɗaya ba a kansa kaɗai yake faɗawa ba. Idan wadda ta fi kowa sanin ɓangaren biyan kuɗi ta tafi hutu, gyaran mutum uku zai zauna yana jiran wanda zai duba. Agogon "tsawon lokacin da gyara ke ɗauka" yana ta bugawa a kan sunayensu, su da ba su je ko'ina ba. Sannan wani ne zai karɓi aikinta na ko-ta-kwana, ya kwana yana kashe gobara, washegari bai rubuta komai ba. Fred Brooks ya yi gargaɗi tun 1975, daga abin da ya gani a kamfanin IBM, cewa ba a musayar mutane da watanni a aikin manhaja kamar ana musayar buhu da buhu. Lissafin kwana 50 a cire 15 yana ɗaukar kowane kwana daidai da ɗan'uwansa, alhali ba haka ba ne. Ranar da mutum ya dawo daga hutun mako uku ma, rabinta karatun saƙonni ne da tambayar me ya canja.

Na uku shi ne sirri. Don allo ya raba daidai, dole ya san ranar da mutum ba ya nan. Ba dole ya san dalili ba. Da zarar an jona shi da rumbun ofishin ma'aikata ba tare da tacewa ba, kowane shugaban tawaga zai ga wa ke zuwa asibiti duk Talata, wace ce ta fara awon ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, Benin ma tana da kundin dokokin fasahar zamani da hukumar APDP da ke sa ido a kan irin wannan. Abin da allo ke buƙata kalma biyu ne, yana nan ko ba ya nan.

Akwai kuma matsalar ƙanƙantar adadi, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. Wanda ya zauna kwana uku kawai a zango, ya dace da ƙananan ayyuka biyar, zai fito zakara. Wanda ya zauna ukun nan a kan matsala ɗaya mai taurin kai zai fito da sifili. Mako biyu ba ya isa a yanke wa kowa hukunci.

Kalandar da ba ta san ganin wata ba

Yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a Amurka, ƙasar da babu dokar tarayya da ta wajabta hutun shekara mai albashi ko na kwana ɗaya. Kalandarsu ta asali ta san Kirsimeti da 4 ga Yuli. Ana iya ƙara mata ranakun wasu ƙasashe, kamar 1 ga Agusta na Benin, 3 ga Agusta na Nijar da 1 ga Oktoba na Najeriya, tunda waɗannan ba sa motsi. Amma Sallah fa? Ƙaramar Sallah sai an ga wata, a Najeriya sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato, ma'aikatar cikin gida kuma takan fitar da ranakun hutu ne 'yan kwanaki kafin lokacin. An sha yin shekarar da Nijar ta riga Najeriya da kwana guda. Ma'ana, a tawagar da muka zana ɗazu, ɗan Yamai na iya kasancewa a filin Idi ranar da 'yar Sakkwato ke azumi na talatin, kuma an tsara zangon tun mako biyu baya.

Azumin kansa wani babi ne. Mutum yana nan, ba hutu ya ɗauka ba, amma sa'o'insa sun juya. Da yawa sun fi son aiki bayan Asuba ko bayan Asham. Allon da ke auna saurin amsa saƙo tsakanin ƙarfe tara zuwa biyar zai ce ya yi sanyi wata guda, alhali aikin na fita da dare.

Sannan ga hidimomin da ba su cikin kowace doka amma ba mai iya ƙin su. Rasuwa ba ta ba da sanarwa, kuma Bahaushe ba ya aika ta'aziyyar uba ta waya, sai ya je ya zauna kwana uku, wani har bakwai. Suna rana ta bakwai ne. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma. Biki kuwa kowa ya san ba wuni ɗaya ba ne. Ma'aikacin da dokarsa ta ba shi kwana shida, rasuwa ɗaya da suna ɗaya sun cinye su, bai huta ba ko na sa'a guda. Gwamnatoci sun fara motsawa a nasu ɓangaren: Kaduna ta kai hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta a 2019, ta kuma koma aikin kwana huɗu a mako daga Disambar 2021, gwamnatin tarayya ta amince da kwana 14 ga maza idan matansu sun haihu a 2021. Duk wannan na ma'aikatan gwamnati ne, bai shafi ɗan kamfani ba.

Akwai kuma rashin zuwa da ba hutu ba ne, ba kuma lalaci ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, Najeriya ma ta ji a jikinta, gyaran ya ɗauki makonni. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki saboda takunkumin ECOWAS, alhali daga nan mafi yawan wutarta ke zuwa. A ƙarshen Oktoban 2024 jihohin arewacin Najeriya da dama sun yi fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara gaba ɗaya, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A duk waɗannan ranaku akwai wanda ya tashi da niyyar aiki, ya sayi man janareta da kuɗinsa ko ya hau mota neman inda ke da sabis, amma a allo ranar tasa fara ce fat, daidai da ta wanda ya kwana yana barci. Kamfanin da ke ɗaukar mutane a wannan yanki yana cin ribar arhar albashi, ya kamata ya buɗe wa irin waɗannan ranaku nasu gurbin a lissafi.

Wanda doka ba ta gani

Ga wani abu da matasa da yawa a Najeriya ba su sani ba sai rigima ta taso. Ko kwana shidan nan ba lallai ne su shafi injiniyan manhaja ba. Sashe na 91 na dokar ƙwadago ya fassara "ma'aikaci" ta yadda ya cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwararru. Abin da ke kare irin waɗannan shi ne takardar kwantiraginsu, sai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon duba kyawawan al'adun aiki na duniya. Kamfanoni masu mutunci suna rubuta fiye da kwana shida, wannan gaskiya ne. Amma abin da ba a rubuta ba, da wuya a karɓo shi.

Mafi yawan masu yi wa kamfanonin waje aiki daga gida kuwa ba ma'aikata ba ne ma a takarda, 'yan kwangila ne. Ba dokar Kwatano, ba ta Yamai, ba ta Abuja. Ranar da ba ka yi ba, ba ka da ko sisi. A dandalin Upwork, wanda ke aikin sa'a-sa'a yana kunna wata manhaja da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa sau ɗaya a kowane minti goma, tana kuma ƙirga taɓa madannai. Wani binciken jaridar New York Times na Agustan 2022 ya gano cewa takwas daga cikin manyan kamfanoni goma mafi yawan ma'aikata a Amurka suna bin diddigin ƙwazon ma'aikatansu ɗaya-ɗaya. Ɗan ƙwadagon da ke yankan shinkafa a fadamar Malanville ya fi wannan sanin matsayinsa, domin shi an yi ciniki a fili, ko na wuni ko na fili, kuma idan ya gama ya gama. Shi ɗan kwangilar manhaja ana biyansa kamar ɗan ƙwadago, ana kuma sa ran biyayyar ma'aikacin dindindin daga gare shi.

Wasu kamfanoni na tallar abin da suke kira hutu marar iyaka, wai ka ɗauki yadda kake so. Kunne ya ji daɗi. Amma haɗa shi da allon da ke ƙirga jimilla ka ga abin da zai fito: ba adadin da za ka ce haƙƙinka ne, ga kuma lamba tana sauka duk ranar da ka tafi. Kamfanin Kickstarter ya soke irin wannan tsari a 2015 ya koma ƙayyadadden adadi, saboda mutane ba su san nawa ya dace su ɗauka ba. GitHub ma a 2016 ya cire ma'aunin da ke nuna kwana nawa mutum ya jera yana miƙa gyara ba fashi, wanda ya sa wasu ke aiki Asabar da Lahadi don kada jerin ya yanke. Koren akwatunan da ke nuna ranakun aiki dai suna nan, kuma har yau akwai masu ɗaukar aiki da ke leƙa su.

Shi kamfanin me zai ci?

Kada a ɗauka maganar tausayi ce kawai. Masanin tattalin arziki John Pencavel na jami'ar Stanford ya koma kan bayanan ma'aikatan masana'antun harsasai na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu mata, ya wallafa sakamakon a 2014. Ya gano cewa bayan kimanin sa'a 49 a mako ƙarin sa'a ba ya kawo ƙarin aiki daidai gwargwado, abin da ake samu a sa'a 70 bai fi na 56 da wani abin kirki ba, kuma hana ranar hutu a mako yana rage abin da ake fitarwa. Wannan fa aikin hannu ne da ake iya ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Aikin da kuskuren layi guda cikin dare zai iya tsayar da manhajar banki, gajiya ta fi tsada a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta a 2021 cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Bankuna kuwa sun daɗe da gano wata fa'ida ta daban. Masu sa ido a kan bankunan Amurka sun jima suna ba da shawarar a tilasta wa ma'aikatan da ke riƙe da muhimman wurare su tafi hutun mako biyu a jere, ba don lafiyarsu ba, don wani ya zauna a kujerarsu ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Jérôme Kerviel, wanda cinikinsa ya jawo wa bankin Société Générale na Faransa asarar yuro biliyan 4.9 a Janairun 2008, ya faɗa wa masu bincike cewa rashin ɗaukar hutunsa a 2007 kaɗai ya isa ya farkar da shugabanninsa. A manhaja ba sata ake nema ba galibi, ana neman ɓangaren da mutum ɗaya tak ya san kansa. Injiniyan da allo ya nuna shekara biyu bai yi fashi ba, wanda manaja ke yabo a taro, sau da yawa shi ne wanda ranar da ya samu aiki mai dala a wani wuri ba wanda zai iya taɓa abin da ya bari. Tawagar da ke rubuta kwanakin hutu a lissafinta tana iya duba zangon da ba ya nan ta ga wane gyara ne ya tsaya jiransa, kwana nawa ya yi a tsaye, sannan ta sa mutum na biyu ya koyi wannan ɓangare kafin Babbar Sallah mai zuwa.